Ra'ayina a kan littafin The Enemy na Charlie Higson

A makon jiya na kammala karanta The Enemy, littafin da marubucin Ingila Charlie Higson ya fitar a shekarar 2009 domin matasa, wanda shi ne na farko a jerin littattafai 7 da aka kammala a 2015. Labarin yana faruwa ne a birnin Landan, bayan wata cuta ta kama duk wanda ya haura shekara 14. Mafi yawansu sun mutu, waɗanda suka rayu kuwa jikinsu ya cika da maruru, hankalinsu ya gushe, ba su da abin nema sai naman yara. Ba gawarwaki ba ne da suka tashi daga kabari, marasa lafiya ne masu numfashi, kuma wannan bambanci ne ya riƙe ni har ƙarshen littafin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sunan da yaran suke kiran waɗannan halittu da shi. Idan mace ce sukan ce uwa, idan namiji ne sukan ce uba. Yaro zai ɗaga sanda ya doki wani "uba" domin ya tsira da ransa, alhali ya san wannan mutumin a da shi ne mai kai 'ya'yansa makaranta. Lokacin da Arran, shugaban yaran da suka fake a kantin Waitrose na unguwar Holloway, ya ga wata da yake zaton mahaifiyarsa ce, kuma ita ce ta cije shi, sai na ajiye littafin na ɗan lokaci. Duk jinin da aka zubar a sauran shafukan bai kai wannan wurin nauyi a zuciyata ba.

Higson ba ya tausayin jarumansa. Wanda mai karatu ya ɗauka shi ne ginshiƙin labarin yakan mutu tun tafiya ba ta yi nisa ba, sai nauyin shugabanci ya faɗa a kan Maxie, yarinyar da ba ta taɓa neman sa ba. Sashen ƙaramin yaro Sam, wanda aka sace zuwa filin wasan Arsenal, ya kuɓuta ya bi ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai a cikin duhu, shi ne mafi daɗin karatu a wurina, ko da yake sa'arsa ta yi yawa har ta kusa wuce hankali.

Inda littafin ya yi rauni shi ne bayan yaran sun bar kantin sun isa Fadar Buckingham, gidan sarautar Ingila. David King, matashin da ke mulkin fadar, mai son sarauta ne tun daga kalmarsa ta farko, don haka ban yi mamakin komai da ya aikata ba. Haka kuma sunaye sun yi yawa a farkon labarin, har wasu yaran suka mutu ban gama sanin su ba.

Ba zan miƙa shi ga yaron da bai kai shekara 13 ba, saboda marubucin bai sakaya bayanin rauni da mutuwa ba. Ni kuwa na riga na ɗauko na biyu, The Dead, wanda ya koma shekara guda baya, zuwa kwanakin da cutar ta fara bazuwa.