Wasiƙa daga Paris: abin da Waliyyi Vincent de Paul ya gani a hanyar Châtillon

'Yan'uwana na gida, ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Makon jiya na je wata majami'a da ke titin Sèvres a nan Paris, inda gawar Waliyyi Vincent de Paul take kwance cikin akwatin azurfa mai gilashi a saman bagadi. Na hau matakalar da ke bayan bagadin, na tsaya ina kallon fuskar da aka lulluɓe da kakin zuma, sai na tuna cewa yawancinmu daga ƙungiyar taimakon matalauta ta cocinmu, wadda aka sa wa sunansa, muka san shi, alhali kuwa ɗalibi Frédéric Ozanam da abokansa ne suka kafa ta a 1833, shekaru masu yawa bayan rasuwar Vincent a 1660.

An haife shi a 1581 a ƙauyen Pouy, kudu maso yammacin Faransa, ɗan manoma ne da ya yi kiwo tun yana ƙarami. Da bakinsa ya faɗa cewa lokacin da yake karatu a Dax ya taɓa jin kunyar mahaifinsa saboda ɗingishi da tufafin talauci, kuma wannan ya dame shi har tsufansa. Ya zama fada a 1600, kuma da farko abin da yake nema shi ne muƙami mai maiƙo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a watan Agusta na 1617 a Châtillon, wani gari a gabashin Faransa inda yake fadan coci a lokacin. Wata Lahadi, yana shirin shiga sujada, aka gaya masa akwai wani gida a bayan gari inda ciwo ya kwantar da kowa, babu ko mai ɗebo ruwa. Ya ambaci maganar a wa'azi. Da yamma ya kama hanyar gidan, sai ya tarar da jama'a suna ta kai da komowa da abinci. Wani zai yi murna ya koma, amma shi lissafi ya yi: abincin yau ya yi yawa har zai lalace, bayan kwana uku kuwa babu wanda zai leƙo. Mu ma mun san wannan, domin mun sha ganin gidan makoki cike da kwanuka a kwanakin farko, sannan a bar wadda mijinta ya rasu ita kaɗai da marayu.

Sai ya tara matan garin, suka raba kwanaki, kowace da ranarta, ya kuma rubuta musu ƙa'ida. Mai aikin ranar za ta dafa abinci ta kai, ta gai da majinyaci da fara'a, ta shimfiɗa ƙyalle a kan faranti, ta yanka masa nama idan ba zai iya ba. Za ta fara da waɗanda ke da mai jinya, ta ƙare da waɗanda ba su da kowa, domin ta samu damar daɗewa a wurinsu. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi komai nuna halin mutumin.

Daga wannan tsari ne wasu daga cikin ayyukansa suka tsiro. A 1633 shi da Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar sistoci masu hidimar matalauta, akasarinsu 'yan matan ƙauye, kuma ya ƙi yarda a kulle su a gidan ibada kamar yadda aka saba a zamanin, domin aikinsu yana kan titi da ɗakunan marasa lafiya. Daga 1638 suka fara ɗaukar jariran da ake yarwa a Paris. Fafaroma Clement na 12 ya ayyana shi waliyyi a 1737.

Ranar 27 ga Satumba ce ranar tunawa da shi. Idan Allah ya kai mu zan koma majami'ar, kuma zan sa ku cikin addu'a, musamman iyayenmu mata da ke zagaya gidajen marasa lafiya bayan an tashi daga coci.

Naku ɗan'uwa a Paris.