Godiya bayan fitar da rukunin farko

Alhamdu lillahi, jiya da yamma mota ta ƙarshe ta kwashe ragowar kajin rukunin farko na sabuwar gonarmu, sai yau na samu sukunin zama in yi godiya. Waɗanda suka san mu tun muna da keji ɗaya tak, muna jansa kowace safiya zuwa sabuwar ciyawa, sun ga yadda makonni 8 ɗin nan suka kasance, ba sai na maimaita ba.

Dare ɗaya ne ya ƙi fita daga raina. 'Yan tsaki na da kwana 4, lokacin da suke buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi. Ɗan tsako idan ya ji sanyi kan 'yan'uwansa yake hawa, na ƙasa su mutu saboda rashin iska. Da kaji 50 mutum yana iya raba su da hannu, amma da 2,000 sai na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kuɗin rance suna taruwa a lungu, ƙafafuna suna rawa. A haka maƙwabcinmu, wanda ko kiransa ban yi ba, ya shigo da 'ya'yansa biyu ɗauke da fitilu da kaskon garwashi. Ya sa aka ɗan buɗe taga saboda hayaƙi, suka durƙusa suna warwatsa tsakin har aka yi asuba. Baba, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri. Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ina godiya ga likitan dabbobi da bai bari mun tsallake rigakafin cututtukan kaji na Newcastle da Gumboro ba, da mai sayar mana da abinci da ya ɗaga mana ƙafa, shi da ya san abinci ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Uwargida kuwa, ita ta riƙe littafin lissafi lokacin da kaina ya ɗauki zafi. Allah Ya bar zumunci, Ya sanya albarka.

'Yan'uwan da ba mu gani ba sai ranar kamun kaji, mun gode da zuwanku. Rukuni na biyu zai iso bayan an wanke ɗakin an bar shi ya huta mako 2, kuma a makon farko ne aka fi buƙatar hannu.