Kuɗin sojan da ya dawo da rauni

Jiya na raka wani dattijo, tsohon soja mai ƙafa ɗaya, wurin tantance 'yan fansho. Tun safe muke layi, ga shi yana dogara sanda, sai an tabbatar yana raye kafin a biya shi. Abin ya tsaya mini a rai, na koma karanta tarihin fanshon sojoji.

A yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da Kudu (1861 zuwa 1865), tun 1862 aka kafa dokar biyan dala 8 duk wata ga ƙaramin sojan da ya nakasa gaba ɗaya. Daga baya aka faɗaɗa tsarin, har a wajajen 1893 fansho ya cinye kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin gwamnatin tarayya. Amma sojojin Kudu da aka ci da yaƙi ba su shiga ciki ba, jihohinsu ne suka riƙa ɗan taɓa musu, alhali harsashi bai tambayi ɓangaren kowa ba.

Abin mamaki, Irene Triplett, 'yar wani sojan wancan yaƙin, ta ci gaba da karɓar fanshon dala 73.13 duk wata har rasuwarta a 2020.