Da me ka auna shi?

Yau bayan la'asar ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, nan ƙauyenmu na gefen Ringim, sai ga shugaban ƙungiyar manoman shinkafa da littafin bashin taki, bangon duk ya yage, wasu shafukan ruwa ya ci tawadarsu. So yake in yi musu manhajar waya mai riƙe lissafin. Na faɗi kuɗi. Ya yi jim, sannan ya ce, "Ɗana, shinkafa da tiya muke aunawa. Wannan aikin naka da me ka auna shi?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don da ka na yanke farashin.

Na ce, "Baba, miƙo littafin." Muka bi shi shafi-shafi muna ƙirga abin da za a shigar, abin da manhajar za ta fitar, abin da za a tambaye ta, da abin da za ta adana. Hanyar da Allan Albrecht na kamfanin IBM ya fito da ita ce a 1979: a ƙirga ayyukan da manhaja za ta yi wa mai ita, tun ba a rubuta layi ko ɗaya ba. Can Baba ya ɗora yatsa kan wata alama ya ce masu wannan alamar da buhun shanshera suke biya bayan girbi. Ni sam ban sa wannan a lissafi ba, kuma shi kaɗai aikin kwanaki ne. Kuɗin ya haura, bai nemi ragi ba. Tun da ya tafi nake tunanin sauran alamomin littafin nan da shi kaɗai ya san ma'anarsu.