Burauza ba ta cewa ka yi kuskure

Kwana uku na yi ina fama da akwati ɗaya a shafin intanet da nake ginawa. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: akwatin ya zauna a tsakiyar allo, ta sama da ƙasa, ta hagu da dama. Na sa masa margin: auto, ya daidaita ta gefe, amma ya maƙale a sama kamar an ɗaure shi. Na kwafo layi daga nan, na kwafo daga can, na bi komai na liƙa masa !important, abin da duk mai koyon CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, yake yi idan ransa ya ɓaci. A rana ta uku wata abokiyar karatuna ta leƙa allona ta ce, "Uwar akwatin nan, nawa ne tsayinta?" Ashe uwar, wato babban akwatin da nawa yake ciki, ba ta da tsayi ko kaɗan sai na abin da ke cikinta. Tsakiyar me nake nema ke nan? Layi uku suka gama aikin: display: grid, place-items: center, da min-height: 100vh, wato uwar ta kai tsayin allo gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a duk kwanakin nan burauza, manhajar da ke buɗe shafukan intanet, ba ta ce uffan ba. A yaren shirye-shiryen kwamfuta irin Python, idan ka rubuta abu ba daidai ba, shirin zai tsaya ya nuna maka layin. CSS ba haka take ba. Ka rubuta colr a maimakon color, burauza za ta tsallake layin ta wuce abinta. Ka manta rufe alamar HTML, yaren da ake gina ƙashin shafi da shi, za ta yi hasashen abin da kake nufi ta rufe maka, wani lokacin a wurin da ba ka zata ba. Da farko na ɗauka sakaci ne. Daga baya na gane da gangan aka gina ta haka, don tsohuwar burauza ta iya buɗe sabon shafi ba tare da ta mutu ba, sabuwa kuma ta buɗe tsoho. Shafin farko da Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, ya wallafa daga cibiyar bincike ta CERN a farkon shekarun 1990 har yau yana buɗewa.

Wannan alheri ne ga mai karatu, amma mai koyo ne ke biyan bashin. Duk wani kuskure da aka tafka a baya yana nan an ajiye maka. Brendan Eich ya rubuta JavaScript na farko, yaren da ke sa shafi ya motsa ya amsa danna, cikin kwana goma a 1995 a kamfanin Netscape, kuma tabon gaggawar bai goge ba. Ka tambayi typeof null, wato wane irin abu ne "babu komai", ya ce maka "object", kamar dai akwai abu a wurin. Kowa ya san kuskure ne, ba a gyara ba saboda gyaran zai rusa shafukan da suka dogara da shi. "5" + 3 ya ba ka "53", amma "5" - 3 ya ba ka 2. Ranar da na fara ganin wannan na yi dariya. Ranar da ya ɓata mini lissafin fom, saboda abin da mutum ya cike a fom rubutu ne ko da lamba ya sa, ban yi dariya ba.

Laifina babba shi ne gaggawa. Wata biyu da farawa na faɗa React, wani kayan aiki da aka gina a kan JavaScript, don kusan duk tallan aikin da na gani sunanta yake ambata. Ban san yadda shafi yake ɗauko bayani daga saba (kwamfutar da ke ajiye bayanan shafi) ba, ban san me ake nufi da DOM (yadda burauza ke riƙe sassan shafi) ba, amma ga ni ina rubuta useEffect na React. Idan abu ya lalace ba na iya bambance ko daga React ne, ko JavaScript, ko ni. Ga darussan bidiyo da ba sa faɗin shekarunsu: wani yana koyar da tsohon tsarin React na class, wani sabon tsarin hooks da ya zo a 2019, ni kuma ina haɗa su wuri ɗaya ina mamakin abin da ya hana su jituwa. Irin waɗannan kayan aikin suna da yawa: jQuery ta fito a 2006, React a 2013, Vue a 2014, kowace da darussanta har yau birjik a intanet, kuma injin bincike ba ya gaya maka wanne ya tsufa. Yanzu kafin in karanta komai, kwanan watansa nake fara dubawa.

Na koma baya na yi makonni ba tare da npm ba, wato manhajar sauke irin waɗannan kayan aikin, daga ni sai fayil uku (HTML, CSS da JavaScript) da burauza. A nan na koyi danna F12, maɓallin da ke buɗe kayan binciken shafi a burauza. Ashe burauzar da nake zargi da shiru tana da bayani, sai dai ba ta bayarwa sai an tambaya. Ka zaɓi akwati, ta nuna maka dokar da ta yi aiki da waɗanda ta ja wa layi, da faɗin padding (sararin cikin akwati) da margin (sararin wajensa) kowanne da launinsa. Nan na ga dalilin da z-index: 9999 ya ƙi ɗaga abu sama, da yadda margin biyu na sama da ƙasa suke narkewa su zama ɗaya.

Ba wai takaicin ya ƙare ba. Makon jiya 100vh ɗin nan da ya cece ni ya juya mini baya: a kwamfuta shafin lafiya lau, a waya kuma maɓallin ƙasa ya ɓuya, domin burauzar waya tana auna tsayin har da wurin da sandar adireshi ta rufe. Wannan karon ban kwafo komai ba. Na jona wayar da kwamfuta, na auna tsayin, na ga bambancin, na mayar da shi 100dvh, wanda ke bin tsayin da ake gani a zahiri. Minti ashirin ya ɗauke ni, goma daga ciki neman wayar caji ce.