Wasiƙa Daga Landan: Har Yau Turawa Ba Su Gama Makokin James Bond Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya haƙuri da hidimomin yau da kullum. Mu nan alhamdulillahi, sai kewar gida.

Na san wani zai ce duk abubuwan da ke faruwa a duniya, wannan bawan Allah bai ga abin rubuto mana ba sai labarin fim. Ku yi mini uzuri. Tun watan Fabrairun 2025, da aka sanar cewa kamfanin Amazon ya karɓi ragamar shirya finafinan James Bond daga hannun Barbara Broccoli da ɗan'uwanta Michael G. Wilson, wata tsohuwar gardama ta sake tashi a ƙasar nan, a jaridu da rediyo da wuraren aiki. Gardamar kuwa a kan fim ɗin ƙarshe ne, No Time to Die na 2021. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, to ya dakata a nan, don zan fasa ƙwai.

Sai mutum ya zauna da Turawan Ingila zai san matsayin wannan ɗan leƙen asiri na ƙage a wurinsu. Tun Dr. No na 1962 kamfanin iyalan Broccoli ke yin finafinansa, guda 25 ke nan, da jarumai shida, daga Sean Connery zuwa Daniel Craig. A bikin buɗe gasar Olamfik ta 2012 marigayiya Sarauniya Elizabeth da kanta ta yarda ta fito a wani ɗan gajeren wasa tare da Craig a matsayin Bond. Ranar da aka ƙaddamar da No Time to Die a zauren Royal Albert Hall, 28 ga Satumba 2021, Yarima Charles da ɗansa Yarima William da matansu duk sun halarta. Idan ka hau bas ka tsallaka gadar Vauxhall, ga hedikwatar hukumar leƙen asiri ta MI6 nan a bakin kogin Thames, kuma da wuya ka wuce ba ka ga masu yawon buɗe ido suna ɗaukar ta hoto ba. Yawancinsu a fim suka san ginin, inda aka tayar masa da bam a 2012, aka ƙarasa rushe shi a 2015.

An shirya fitar da fim ɗin ne a Afrilun 2020, korona ta sa aka yi ta ɗagewa har shekara ɗaya da rabi. Saboda haka da ya fito mutane suka yi tururuwa, wasu ma shi ne dalilin komawarsu silima bayan kulle. Sai ga abin da ba a taɓa yi ba. A ƙarshen labarin Bond yana wani tsibiri tsakanin Japan da Rasha, an harbe shi, an kuma shafa masa wata guba da aka ƙera musamman don ta kashe masoyiyarsa Madeleine da 'yarsu ƙarama da zarar ya taɓa su. Magani babu. Sai ya hau saman ginin da ke tsibirin ya yi sallama da Madeleine ta na'urar sadarwa, ya tsaya yana kallon makamai masu linzami na sojan ruwan ƙasarsa suna saukowa kansa.

A silimar da na kalla, da aka kunna fitilu ba kowa ya motsa ba. Wata dattijuwa a layin gabana ta cire tabarau tana goge ido da hannun rigar sanyinta. Mijinta kuwa ya miƙe a fusace, ya jefa kwalin gugguru ƙarƙashin kujera, ya ce shi kam an cuce shi. Tare suka shigo, tare suka fita, amma kamar ba fim ɗaya suka kalla ba. Haka ƙasar ta rabu tun ranar.

Hujjar masu fushi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a gidan kallo ya san dokar: bos zai iya jibgar akta son ransa, ya ɗaure shi, ya kashe masa aboki, amma akta ba ya mutuwa. Da wannan tabbacin ake biyan kuɗin shiga. Akwai wani dattijo Bature da muke aiki tare, wanda mahaifinsa ya fara kai shi kallon Bond tun zamanin da Roger Moore ke fitowa a matsayin Bond. Cewa yake yi shi bai sayi tikiti don a koya masa cewa rai ƙarewa yake ba, ya riga ya sani, ya binne iyayensa. Abin da yake so awa biyu na mota mai bindiga, da agogo mai dabara, da mutum cikin kwat da zai faɗo daga jirgi ya miƙe ya gyara wuyan riga. A ganinsa masu fim sun ɗauki abin da ba nasu kaɗai ba suka fasa. Ba na raina maganarsa.

Amma ni ina ɗaya ɓangaren, kuma zan faɗi dalili. Bond ɗin da dattijon nan yake kewa ya daɗe da tafiya. Tun Casino Royale na 2006 aka sauya tsari. A da galibi kowane fim zaman kansa yake yi, abin da ya faru a wancan ba ya bin Bond zuwa wannan. Craig kuwa labari ɗaya ya ja a finafinai biyar cikin shekara 15. A na farko ya so wata mace, Vesper, ta ci amanarsa, ta mutu a cikin ruwa a birnin Venice, kuma har fim na biyar yana zuwa kabarinta. A Skyfall na 2012 an nuna ya faɗi gwajin harbi, hannunsa na rawa, shugabarsa M ta cika a hannunsa. Mutumin da aka nuna yana tsufa, yana ciwo, yana rasa mutane, ina kuma za a kai shi? 'Yan kallon da suka tafa wa wannan salo har Skyfall ya tara sama da dala biliyan 1, su ne suka ci ladan kuturu, aski kuwa ya zama dole. Craig ma ya faɗa da bakinsa cewa tun bayan fitowar fim ɗinsa na farko ya nemi Barbara Broccoli ta yarda a kashe Bond idan zai ajiye aikin, ta kuma amince. Shi kansa Ian Fleming da ya ƙirƙiro Bond ya taɓa gwadawa: a ƙarshen littafinsa na 1957 ya bar shi a ƙasa guba na cinsa, sai a littafin shekara mai zuwa ya tashe shi.

Inda nake ganin fim ɗin ya gaza wani wuri ne daban, kuma a nan masu fushi da masu kuka sukan haɗu. Minti 163, mafi tsawo a tarihin Bond. Farkonsa a garin Matera na Italiya, da motar nan Aston Martin tana juyi a dandali tana feshin harsashi, ba wanda ya kushe. Haka ɓangaren Kyuba, inda Ana de Armas ta fito na 'yan mintuna ta ƙwace fim ɗin, aka kuma sallame ta tun ba a gaji da ita ba. Daga nan sai tafiyar ta yi nauyi. Mugun labarin, Safin, wanda Rami Malek ya taka, magana yake yi ƙasa-ƙasa kamar mai jin barci. An gaya mana an kashe danginsa yana ramuwa, to mun ji. Amma bayan ya gama da waɗanda suka yi masa laifi, me ya sa yake son hallaka miliyoyin mutanen da ba ruwansu? Ku tambayi mutum goma da suka kalla, za ku ji amsa goma. Blofeld kuma, babban abokin gabar Bond tun shekarun 1960, a kurkuku ya mutu a zaune, kusan bisa tsautsayi. Idan har za a kashe gwarzon da ya shekara 59 yana tsallake mutuwa, ya kamata a samo masa abokin karawa da ya isa. Wannan shi ne ƙorafina, kuma ya fi na mutuwar ƙarfi.

Akwai wata rigimar da ta riga fim ɗin fitowa. Da labari ya bazu cewa Lashana Lynch, baƙar fata 'yar Landan mai asali da Jamaika, ita ce ke riƙe da lambar aikin Bond, wato 007, bayan ya yi ritaya a cikin labarin, zagin da aka yi mata a kafafen sada zumunta sai da ya sa ta rufe shafukanta na ɗan lokaci. Da fim ya fito sai aka ga ashe ba wani abin tada jijiyar wuya: lambar aiki ce aka ba wata ma'aikaciya, kuma kafin ƙarshe ita da kanta ta nemi a mayar masa da abarsa. Mu baƙaƙen da ke zaune a nan mun lura da wannan sosai. A shagon askin da nake zuwa a unguwar Peckham, wani ɗan'uwa ɗan zangon Kumasi ya tsayar da mai aski da hannu, rabin kai a aske, ya ce, "Malam, ai waɗannan mutanen sun yarda mota ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa, amma baƙar mace da lamba uku ce ta fi ƙarfin hankalinsu." Shagon ya kwashe da dariya. Shi ma Craig da aka zaɓe shi a 2005 an yi masa ca, wai farin gashi gare shi kuma gajere ne, har shafin intanet aka buɗe don a ƙaurace masa. Yau su ne ke cewa ba za a sami kamarsa ba.

Ta fuskar kuɗi dai ba a yi asara ta kunya ba. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 774 a duniya a lokacin da silimomi ba su gama farfaɗowa ba, kuma a Birtaniya yana cikin waɗanda suka fi kowane ciniki a tarihi. Abin da ya ba ni haushi shi ne rubutun da ya fito bayan sunayen ma'aikata sun gama wucewa, cewa James Bond zai dawo. Tun da can haka suke rufe finafinansu, na sani. Amma a wannan karon kamar a ce kana zaman makoki ne aka miƙo maka katin ɗaurin auren mamacin. Sun karɓi hawayen dattijuwar nan, kuma suna son kuɗin tikitin mijinta a karo na gaba.

Yanzu kallo ya koma kan Amazon, wanda ya sayi kamfanin finafinai na MGM a kan dala biliyan 8.45 a 2022. Ranar da aka sanar da karɓar ragamar, Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya hau shafinsa na X yana tambayar jama'a wa suke so ya zama sabon Bond, abin da ya ƙara wa masu tsoro tsoro, don iyalan Broccoli ba su taɓa zaɓen jarumi da ƙuri'ar intanet ba. Fargabar mutane ita ce a yayyanka Bond zuwa shirye-shiryen talabijin barkatai har a gundure shi. A watan Yunin 2025 aka ce Denis Villeneuve, ɗan Kanada da ya yi Dune, shi zai ba da umarni, hankali ya ɗan kwanta. Idris Elba da aka daɗe ana ambata ya haura shekara 50, kuma ya ce yadda aka mayar da zancen na launin fata ya sa abin ya fita daga ransa.

Dattijon wurin aikinmu ya rantse ba zai kalli na gaba ba sai an tabbatar masa ba za a ambaci tsibirin nan ba ko sau ɗaya. Ina ganin zai samu yadda yake so, don hanya mafi sauƙi ga Amazon ita ce su kawo saurayi su fara daga farko, kamar yadda aka yi a 2006, su yi kamar ba a taɓa harba makamin ba.

A gaida mutanen gida baki ɗaya, manya da yara. Sai wata wasiƙar in Allah Ya kai mu.

Naku,
ɗan'uwanku a Landan