Wasiƙa daga Utah: sayar da filayen gwamnati da makomar hanyoyin shiga daji

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku ne daga jihar Utah da ke yammacin Amurka, domin in ba ku labarin wata taƙaddama ta ƙasa da ta tayar da ƙura a nan a shekarar 2025, wadda kuma har yau ba a ce an gama da ita ba.

Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da fili kimanin eka miliyan 640, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar baki ɗaya, kuma mafi yawansa a yamma yake. A Nevada kusan kashi 80 cikin ɗari na jihar na tarayya ne, a nan Utah kuwa ya haura kashi 60. Hukumar kula da filaye da ake kira BLM ita kaɗai tana da eka miliyan 245 a hannunta, galibi hamada da tsaunuka da kwazazzabai. Dokar da aka kafa a 1976 ta ce manufar ƙasa ita ce a ci gaba da riƙe waɗannan filaye a hannun jama'a, sai dai ta bar ƙofar sayar da wani yanki idan an tantance shi a cikin tsarin amfani da ƙasa na wannan shiyya. Saboda haka mutum yana iya fita daga gari, ya bar kwalta, ya shiga daji ya kafa tanti ya kwana, ba tare da ya nemi izinin wani mai gona ba.

Cikin masu cin moriyar wannan dama akwai masu motocin jif da babura masu ƙafa huɗu da baburan hawan dutse. Wanda bai zauna a nan ba zai ɗauka wasa ne na 'yan tsiraru masu kuɗi, amma garin Moab da ke gabashin jihar nan da irin wannan harka yake cin abinci. Tun 1967 ake yin taron masu jif a can kowace shekara a lokacin bikin Ista, kuma masu otal da masu gidajen abinci da kanikawa da masu ba da hayar motoci duk a kan baƙin suke dogara. Hanyoyin da suke bi, da yawansu masu haƙar ma'adinin yuraniyom ne suka fasa su a shekarun 1950, kuma mafarauta da makiyaya da masu kashe gobarar daji su ma ta nan suke wucewa.

A watan Mayun 2025, 'yan majalisar wakilai biyu, Mark Amodei na Nevada da Celeste Maloy ta Utah, suka shigar da wani gyara cikin babban ƙudurin kasafi da haraji wanda zai ba da damar sayar da dubban ɗaruruwan eka a jihohinsu. An cire gyaran bayan da ɗan jam'iyyarsu, Ryan Zinke na Montana, ya ƙi amincewa. Wata guda bayan haka sai Sanata Mike Lee na Utah ya kawo nasa a majalisar dattawa, wanda zai tilasta a sayar da eka miliyan 2 zuwa sama da miliyan 3 a jihohi goma sha ɗaya cikin shekara biyar, da hujjar samar da filin gina gidaje. Jami'ar da ke fassara ƙa'idojin majalisar ta ce tanadin bai cancanci shiga ƙudurin kasafi ba. Sanatan ya sassauta shi, ya cire gandun daji, ya taƙaita shi ga filayen BLM da ke tsakanin mil biyar daga inda mutane ke zaune, amma duk da haka a ƙarshen watan Yuni ya janye shi, domin mafarauta da masunta da masu motocin daji, waɗanda da yawansu magoya bayan jam'iyyarsa ne, sun yi masa caa. Makamancin haka ya taɓa faruwa a 2017, lokacin da Jason Chaffetz, shi ma daga Utah, ya janye ƙudurin sayar da eka miliyan 3.3.

Masu goyon bayan sayarwa suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Kuɗin haya da farashin gidaje sun yi tashin gwauron zabo a garuruwa irin su St. George a nan Utah da Las Vegas a Nevada, waɗanda filin tarayya ya kewaye su ta kowace fuska, kuma ƙananan hukumomi ba su karɓar harajin ƙasa a kan filin tarayya. Suna kuma cewa abin da ake magana a kai bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na filayen ba.

A kan wannan lissafi na kashi ɗaya cikin ɗari ne nake ganin an kauce wa ainihin matsalar. Amfanin hanya yana ga haɗuwarta daga farko zuwa ƙarshe. Hanyar da ta kai mil arba'in a cikin daji, idan aka sayar da eka ɗari da ke bakinta aka sa ƙofa da kwaɗo, ta mutu ga mai mota, ko da sauran mil talatin da tara suna nan a hannun gwamnati. Filin da mai gina gidaje yake so kuwa shi ne wanda ke gefen gari, kusa da kwalta da ruwa da wuta, kuma a daidai nan ne ake ajiye tireloli a sauke babura, a nan ne hanyoyin suke farawa. Wato sassaucin da Sanata Lee ya yi, na taƙaita sayarwa ga mil biyar daga gari, ya rage yawan ekokin amma ya bar ta a kan wuraren da suka fi shafar masu shiga daji. Duk wanda ya san abin da ke faruwa idan gona ɗaya ta cinye tsakiyar burtali, yadda makiyayar da ke gaba take zama ba ta da amfani ga mai shanu alhali ba wanda ya taɓa ta, ya riga ya fahimci wannan magana.

Amurkawa ba hasashe suke yi ba, domin tarihinsu ya nuna musu. A ƙarni na 19 gwamnati ta ba kamfanonin jirgin ƙasa fili a gefen layin dogo, murabba'in mil ɗaya nasu, na kusa da shi na gwamnati, haka a tsallake-tsallake har tsawon ɗaruruwan mil. Sakamakon haka filayen gwamnati da yawa ba su haɗuwa da juna sai a kusurwa. Wani bincike da ƙungiyar TRCP, mai kare muradun mafarauta da masunta, ta yi tare da kamfanin taswira na onX a 2018 ya gano eka miliyan 9.52 na tarayya a yamma waɗanda filayen masu zaman kansu suka rufe, ba su da halattacciyar hanyar shiga ta dindindin. A 2021 wasu mafarauta huɗu daga Missouri suka yi amfani da tsani suka tsallaka irin wannan kusurwa a Elk Mountain da ke Wyoming ba tare da sun taka ƙasar mai gandun ba, mai gandun ya kai su ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya kuma ta ba su gaskiya a Maris 2025. Mafarauta sun yi murna, amma hukuncin bai tsinana wa mai jif komai ba, tunda mota ba ta hawa tsani. Abin da ya shafe shi shi ne wani tsohon hukunci na Kotun Ƙoli na 1979, a shari'ar kamfanin Leo Sheep, inda kotun ta ce gwamnati ba ta da ikon fasa hanya ta irin waɗannan kusurwoyi ba tare da ta biya diyya ba, saboda ba ta keɓe wa kanta haƙƙin wucewa a lokacin da ta ba da filin ba. Sakacin da aka yi wajen rubuta dokar ba kamfanin jirgin ƙasa filin a 1862 ana ɗanɗana kuɗarsa har yanzu.

Akwai kuma darasin filayen da tarayya ta ba jihohi domin su riƙa samun kuɗin makarantu. Doka ta ɗora wa jihohin nauyin neman riba daga waɗannan filaye, saboda haka idan ciniki ya zo sukan sayar. Nevada ta samu kusan eka miliyan 2.7, yau abin da ya rage mata bai wuce kimanin eka 3,000 ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka yi ɗari-ɗari da ƙarar da Utah ta kai Kotun Ƙoli a 2024 tana ƙalubalantar riƙon da tarayya ke yi wa eka miliyan 18.5, ƙarar da kotun ta ƙi saurara a Janairun 2025.

Kada ku ɗauka cewa masu motocin daji abokan hukumar BLM ne. Sun daɗe suna kai ruwa rana da ita. A 2023 hukumar ta rufe mil 317 na hanyoyi a yankin Labyrinth Rims da Gemini Bridges kusa da Moab, domin kare namun daji da bakin kogi da wuraren tarihi, ƙungiyoyinsu da gwamnatin jihar kuma suka ƙalubalanci matakin. A gaskiya wasu daga cikinsu su suke jawo wa kansu, da barin hanya suna tattake ƙasar hamada wadda take ɗaukar shekaru kafin ta farfaɗo, da hayaniyar injin da ke hana mazauna gari barci. Haushin rufe hanyoyi ya sa wasunsu suna ganin gara a ƙwace filin daga hannun Washington ko ta halin ƙaƙa. Ni dai ina ganin sun yi kuskuren lissafi. Hanyar da hukuma ta rufe ana iya kai ƙara a kanta, ana iya zuwa taron jin ra'ayin jama'a, sabuwar gwamnati ma tana iya sake duba tsarin, kamar yadda aka fara yi da na Moab ɗin. Filin da aka sayar aka miƙa takardar mallaka kuwa ya fita daga hannun mai zaɓe, sai dai a saye shi a farashin da mai shi ya ga dama.

Wannan ba ya nufin kada a sayar da ko taki ɗaya. Tun 1998 akwai doka ta musamman da ke ba BLM damar yin gwanjon fili a cikin wata iyaka da aka shata a kewayen Las Vegas, inda kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ke zuwa ga asusun ilimi na jihar, kashi 10 ga hukumar ruwa, sauran kuma ga wani asusu da ake gina wuraren shaƙatawa da hanyoyi da sayen filaye masu muhimmanci da shi. An san iyakar tun farko, an san inda kuɗin zai tafi. A 2019 ma muƙaddashin sakataren harkokin cikin gida na lokacin, David Bernhardt, ya ba da umarni cewa kafin BLM ta sayar ko ta musanya wani fili, sai ta duba yadda hakan zai shafi shigar jama'a zuwa filayen da ke bayansa. Matsalar umarni irin wannan ita ce wani sakataren yana iya soke shi da alƙalami. Abin da zai ɗore shi ne a rubuta haƙƙin wucewa a cikin takardar sayarwar kanta, a bayyana faɗin hanyar da irin abin hawan da aka yarda ya bi ta, a yi masa rajista a ofishin ƙaramar hukuma, ta yadda duk wanda ya sayi filin nan gaba zai saye shi da wannan sharaɗi a kansa.

Sanata Lee ya faɗa a fili lokacin da ya janye tanadinsa cewa bai bar maganar ba, kuma matsin rashin gidaje a St. George da Las Vegas bai ragu ba, don haka ana sa ran batun zai dawo majalisa ta wata siga. Idan ya dawo, zan sake rubuto muku da yardar Allah.

A gaishe min da kowa da kowa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mazaunin Utah, Amurka